Mijin Goggona Mawaƙin Wales da Waƙar Ƙanwarsa

A shekarar da jirgin ƙasa na cikin gari ya fara aiki a Riyadh, bayan mun daɗe muna kewaye ramuka da shingaye kafin mu isa unguwar Batha, a cikinta ne Allah ya karɓi ran mijin goggona. Ya samu ya hau jirgin sau ɗaya. Idonsa ya riga ya tafi a lokacin, ni na riƙe masa hannu har muka zauna. Da muka wuce tasha uku sai ya karkato ya ce mini matar nan da ke sanar da sunayen tashoshi ba a zama ɗaya aka ɗauki muryarta ba: Larabcin da safe ta yi shi, Turancin kuwa bayan ta ci abinci. Ba ni da hanyar gane ko haka ne. Amma na zauna da shi shekara goma sha tara ban taɓa kama kunnensa da kuskure ba, don haka na yarda.

An yi masa salla bayan la'asar tare da wasu mamata da ba mu sani ba, aka sa shi a jere cikin jar ƙasa, ba suna ba alama, yadda ake yi a garin nan. Zaman gaisuwa na maza a gidan wani likita ɗan ƙasarmu aka yi, domin gidan goggo a Ulaisha ba zai ɗauki mutane ba. Mun shimfiɗa dardumar mutum ashirin, sai ga shi ana zama har kan matakala. Tsofaffin ma'aikatan masana'antar kaset sun zo, 'yan Pakistan da 'yan Sudan. Direbobi da magina 'yan ƙasarmu sun zo daga Batha da kayan aikinsu a jiki. Ɗan kafilinsa, wato ɗan Balaraben da ya tsaya masa a ƙasar, wanda ya ci gaba da sabunta masa iƙama, takardar izinin zama, shekara da shekaru bayan an rufe masana'antar, ya ƙi kujera ya zauna a ƙasa. Aka kuma shigo da wani dattijo Balarabe makaho, mahaddaci, wanda ya ce mamacin ya fi iyalinsa sanin numfashinsa.

Ana cikin shan shayi sai wani injiniya daga cikinmu ya ɗago daga wayarsa.

"Jama'a, ku zo ku gani. Wallahi Baba ne."

"Wane Baba?"

"Namu. Ku bar gashin, ku dubi kunnen."

Waya ta fara zagaya hannu. Saurayi ne siriri, gashi har kafaɗa, jita a rataye, a kan dandamali, gabansa mutane iya ganin ido suna amsa masa da murya ɗaya. Mafi yawan waɗanda ke ɗakin sun san shi ne a matsayin tsohon Bature mai farin gemu da ke sahun gaba a masallacin unguwa. Wani direba ya riƙe wayar ya daɗe, ya ce, "Wannan mutumin na taɓa aika ya miƙo mini buta."

Wani malami a gefe ya ce a kashe, wurin makoki ne, kuma abin da mutum ya bari don Allah ba a tono masa shi. Aka kashe. Sai makahon nan ya tambaya me aka kunna, aka gaya masa. Ya ce a ƙara masa kaɗan, kusa da kunne. Ya saurara, ya ɗaga hannu aka tsayar.

"Ashe shi ya sa," ya ce da Larabci. "Ya san inda iska ke ƙarewa."

Daga nan likita ya yi abin da muke yi a gida, ya tambaya ko akwai mai haƙƙi a kan mamacin. Kowa ya ce babu, an yafe. Ni na yi shiru, domin na san akwai. Akwai wata tsohuwa a wani ƙauye na ƙasar Wales, ƙanwarsa uwa ɗaya uba ɗaya, wadda ta yi sama da shekara hamsin ba ta yi masa magana ba. Ya nemi yafiyarta kafin ya rasu, amsa ba ta zo ba. Da wannan muka binne shi, ni da goggo kaɗai muka san ba ta amsa ba.

Baba nake ce masa. Mutanen gari suna ce masa Ingilizi, abin da ya fi komai ɓata masa rai. Zai tsaya a bakin shago ya yi wa mai kanti bayanin cewa ƙasarsu daban, yarensu daban, har mai kanti ya ce ya ji, ya ji. Goggo takan ce, "Ku bar shi, Babarbaren Turawa ne, ba a ce masa Bahaushe." Ƙauyensu yana gindin dutse, inda maza ke fasa wani baƙin dutse mai faɗi da ake rufin ɗaki da shi. Ruwan sama ba ya ɗaukewa, tumaki sun fi mutane yawa. Ya ce a can mutum ba ya koyon waƙa, tashi yake ya same ta, domin mazan da suka wuni suna haɗiyar ƙurar dutse su ne da yamma za su taru a coci su haɗa murya huɗu. Mahaifinsa yana cikinsu, har ƙurar ta cinye masa huhu.

Yana da shekara ashirin da 'yan kai ya tafi Landan da jita. Waƙa ɗaya ta ɗaga shi, aka buga ta a faifai, aka ji ta a kowane gidan rediyo. Bayanta ya rubuta nasa da yawa, wasu da Turanci, wasu da yarensu, ko da yake masu kamfanin faifai suna ce masa yaren nan ba ya sayuwa. Ya yi shekara goma ana tare shi a hanya. Sai giya ta shiga, maƙogwaro ya samu matsala aka yi masa aiki, sababbin yara suka taso. Ya koma bayan gilashi a situdiyo yana ɗaukar muryar wasu. A haka wani ɗan kasuwa ya ɗauko shi zuwa Riyadh a zamanin kaset, ya kula masa da injuna a Birnin Masana'antu na Biyu, inda ake buga kaset ɗin karatun Alƙur'ani.

Na taɓa tambayarsa abin da ya musuluntar da shi, ina tsammanin zai kawo mini hujjoji. Ya ce a'a. Wata rana mai ɗaukar murya bai zo ba, aka ce ya zauna a madadinsa. Wannan makahon ne ke karatu. Ya kai ƙarshen aya ya tsaya. Baba ya ce hannunsa ya tafi kan na'ura zai yanke shirun, don a sana'arsu shiru ɓarna ce. Sai ya fasa.

"Shekara ashirin ina cika shiru da ƙara," ya ce mini. "Ranar na ji mutumin da ya san yadda ake barin shiru ya yi nasa aikin. Ban san ko kalma ɗaya ba. Na cire abin kunne na ajiye."

Bai musulunta a ranar ba, sai bayan shekara huɗu. Ranar da ya yi, ya ba da jitarsa, ya ɗauki alkawari tsakaninsa da Ubangijinsa cewa ba zai sake tsayawa gaban jama'a a matsayin mawaƙi ba.

Goggo ƙanwar mahaifina ce, nas ce a sashen kunne da maƙogwaro, mijinta na fari ya rasu. Baba yakan zo duk wata a wanke masa kunne. A zuwa na biyar ta ce masa kunnensa ya fi na likita tsabta, ya daina ɓata wa marasa lafiya layi. Ya ce tun daga nan ya yanke shawara, domin murya ɗaya gare ta, ko da shugaban asibiti take magana ko da mai shara. A bakinta ya koyi Hausa, shi ya sa har ya rasu yana faɗa irin na matan Zariya.

Magina da direbobin da suka cika matakala, ga dalilinsu. Kafin wayar hannu ta yawaita, duk Juma'a bayan salla yakan ɗauki ƙaramar na'ura ya je Batha, ya zauna a ɗakin wani tela. Waɗanda ba su iya rubutu ba su zo su yi magana a kaset a kai wa iyayensu gida. Bai taɓa karɓar komai ba. Idan mutum ya fara kuka yakan tsayar.

"Sha ruwa mu sake. Tsohuwarka ba ta aiko ka nan don ka aika mata kuka ba."

Kuma yakan ajiye kwafi. Akwai wani magini da ya faɗo daga bene ya rasu. Bayan shekara tara ɗansa ya zo aiki garin nan, Baba ya shiga ɗaki ya fito da kaset ya miƙa masa. Mutumin bai taɓa sanin muryar ubansa ba sai ranar.

Ni na zo Riyadh aikin ajiyar kaya ne a wani sito. Mahaifina marubucin ajami ne, mai kwafar waƙoƙin wa'azi da na bege, a hannunsa na koya. Da zan taho ya ba ni alƙalaminsa da gafaka. Sa'ad da idon Baba ya fara rufewa, wata Juma'a bayan mun ci tuwon goggo, ya ji ina rubuta wasiƙa.

"Alaramma," ya ce, don haka yake tsokanata ko da yake ban haddace ba, "wannan ƙarar ta mene ce?"

"Alƙalamin kara ne, Baba."

"Sake ja in ji."

Na ja. Ya ce yana so in rubuta masa waƙoƙinsa na yarensu, kalmomin kawai, ba kiɗa. Ba ya iya karantawa kuma, yana jin suna zubewa daga kansa baiti-baiti, yana son wanda zai riƙa karanta masa. Na ce ban san yaren ba. Ya ce ba fassara ya ce in yi ba, abin da kunnena ya ji zan rubuta. Na kwana biyu ina juya abin, domin ba don irin wannan aka ba ni alƙalamin ba. Na tambaye shi me waƙoƙin ke cewa. Ya ce ruwan sama, da uwa, da motar ma'aikata, da wata gada. Na ce bismillah.

Haka muka yi kusan shekara biyu, Juma'a zuwa Juma'a. Ya faɗi ɗango, in rubuta, in karanta masa. Wasu sautukan nasu babu su a bakin kowa, sai na ƙirƙiro musu ɗigo. Idan na karanta yakan yi dariya har da tari, ya ce na yi kamar mutumin kudancin ƙasarsu mai ciwon haƙori. Amma a hankali dariyar ta ragu. Wata rana na gama karanta wani baiti ya ce, "Yanzu kam an ji ka a ƙauyenmu za a ba ka shayi."

Mahaifina yana da ƙa'ida biyu da bai taɓa sassautawa ba. Ta farko, ba a rufe takarda sai an rubuta a ƙasanta wanda ya yi waƙar da wanda ya kwafa. Ta biyu, idan mai waƙar yana raye, sai an karanta masa ya ce haka take kafin a sa tammat, wato an kammala. Saboda haka duk waƙar da muka gama nakan tambaya, "Baba, ta wa ce?" Ya ce, "Tawa." In karanta masa, ya ce haka take, in rufe. Mun rufe talatin da ɗaya a haka.

Ta talatin da biyu daban ta zo. A sauran yakan buga yatsa a gwiwa, yakan manta ɗango ya dawo. Wannan ya zubo ta baiti huɗu ba tuntuɓe, hannuwansa a kwance.

"Baba, ta wa ce?"

"Tawa."

Na tsoma alƙalami. Daga kicin goggo ta yi magana, ba ta ko daina yankan albasa ba.

"Bature, ka ji tsoron Allah. Da alƙalamin yayana za a rubuta."

"Wa ya sa da ke?"

"Kunnena. Ba kai kaɗai aka raba wa ba."

Ya juyo inda nake. "Rubuta abin da na ce. Kai marubuci ne, ba alƙali ba."

"Baba, marubuci shaida ne. In taka ce, ka sake faɗa sau ɗaya, zan rubuta."

Bai sake ba. Fuskarsa ta yi ja har kunne. Ya ce, "Halas, shi ke nan. Tattara takardunka." Juma'a shida ina zuwa cin tuwo, gaisuwa kawai ke haɗa mu. Goggo ta riƙa zuba masa miya tana ce wa bango, "Wasu dai taurin kansu ya fi dutsen garinsu."

A ta bakwai, muna dawowa daga masallaci cikin zafin da ke narka kwalta, ya ce mu tsaya a inuwar wani kanti. A tsaye ya ba ni labarin. Ƙanwarsa ce ke kaɗa fiyano a cocin ƙauyen. Mako guda bayan rasuwar mahaifinsu ta zauna ta yi wannan waƙa, kalmomi da kari duka, a kan tarin tsohon da takalmansa da aka bari a bakin ƙofa. Shi ya tafi da waƙar Landan a kansa. Masu kamfani suka ji karin suka so, suka ce a cire kalmomin a sa na soyayya da Turanci, a ƙara sauri. Ya yarda. Aka buga sunansa shi kaɗai. Ita ce waƙar da ta ɗaga shi, ita ce jama'ar nan ke amsawa a cikin waya. Ƙanwar ta fara jin ta ne a rediyon wani shago, tana sayen gari, 'yan mata suna rawa da makokin ubanta. Daga baya aka tambaye shi a talabijin yadda ya yi ta, ya ce shi kaɗai, a kan dutse, yana kallon ƙauyensu.

"Ba ka nemi gafararta ba?"

"Na rubuta mata ya fi sau ashirin. Sau ɗaya ta amsa, layi biyu. Ta ce ba a ɗaki ka faɗa ba, ka koma inda ka faɗa ka gyara."

"To, Baba?"

"Na riga na yi alkawari ba zan koma gaban jama'a ba." Ya goge zufa. "Ranar da na musulunta liman ya ce an shafe mini duk abin da ya wuce. Na yi murna. Sai ya ƙara da cewa haƙƙin mutane kuwa a mayar musu. Na yi kamar ban ji ba. Ni da nake jin komai."

Da muka isa gida ya maimaita wa goggo maganar alkawarin. Ta ce, "Alkawarin nan daɗi ya yi maka, shi ya sa ka riƙe shi da hannu biyu. Allah bai ce ka ɓuya a bayansa ba." Ya ci tuwonsa, ya ce in kawo mutum biyu mako mai zuwa, masu hankali.

Na kawo likita da wani tsohon direba. Baba ya fito da makirufonsa daga tsumma, ya kafa shi da lalube, ya auna tazarar bakinsa da tafin hannu. Ya sa aka kashe na'urar sanyaya ɗaki, aka kashe firji, aka cire agogon bango aka kai kicin. Tsakiyar bazara ce, azahar ta wuce kaɗan, muna zaune zufa tana bin bayanmu, ba mai motsi. Ya yi magana da yarensu kamar minti biyar, sannan ya maimaita da Hausa don shaidu su san abin da suka shaida. Ya faɗi sunansa na da, da sunan ƙanwarsa. Ya ce waƙar da aka san shi da ita ba tasa ba ce, ya ɗauke ta ne, ya yi ƙarya a kanta a gaban ƙasa, kuma ba waƙar soyayya ba ce. Ya ce ga yadda mai ita ta yi ta.

Sai ya rera baiti na farko.

Goggo ta yi shekara ashirin da bakwai da shi ba ta taɓa jin ya rera komai ba. Ban san hukuncin da malamai za su yanke ba, ni dai abin da na ji kukan ɗa ne ga ubansa. Muryar ta tsufa, tana da tsaga, amma ta fito daga wani wuri da ban san akwai shi a jikin mutum ba. Ta tafi a hankali kamar mai ɗauke da ruwa a kai. A ɗango na uku ta hau, ta hau, ta tsaya can sama, sannan ta sauko ta ajiye mu. Gilasan shayin da ke kan tire sun yi ƙara. Tsohon direba, wanda bai san ko kalma ɗaya ba, ya rufe fuska da hularsa. A ɗango na ƙarshe muryar ta karye. Na ce ko a sake. Ya ce a bar shi haka.

Aka aika wa wani ƙaramin gidan rediyo na yankinsu mai shirin tsofaffin waƙoƙi, suka sa wata Lahadi. A ranar da aka ɗauka ya sa na rubuta a ƙasan takarda cewa waƙar ta ƙanwarsa ce duka. Na rubuta, na ce masa to yanzu ba shi zai ce haka take ba, mai ita tana raye.

"To ka jira ta," ya ce. "Gidanmu ba a sauri."

Saƙonni suka yi ta zuwa daga mutanen da ba mu sani ba, wasu suna yabo, wasu suna zagi. Daga ita ba komai. Kullum yakan tambayi goggo ko wayar ta yi ƙara, shi da zai riga kowa ji. Mako bakwai bayan haka zazzaɓi ya kwantar da shi, kwana huɗu a asibiti, ya cika da hantsi, kalmar shahada a bakinsa. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Rana ta uku ta zaman gaisuwa, bayan la'asar, goggo ta aiko a ce in zo Ulaisha da gafaka. Na same ta cikin kayan takaba, ta jingina waya a jikin kwanon dabino. Ɗiyar ƙanwar Baba ce ta kira, bayan saƙon rasuwa ya isa gare su. A cikin wayar ga wata tsohuwa a kujera, bargo a gwiwa, ruwan sama yana bin tagar bayanta. Ko ba a faɗa ba, fuskar gidansu ce. Da Turanci muka yi magana.

Ta ce ta ji shirin, duk ƙauyen sun ji. Maƙwabta suka yi ta ƙwanƙwasa mata ƙofa.

"Shekara hamsin ina jiran maganar nan. Da ta zo ban san inda zan ajiye ta ba. Na ce bari in huce tukuna. Na ɗauka akwai lokaci."

Goggo ta ce, "Haka muke ɗauka duka, 'yar'uwa."

"A rediyo baiti ɗaya ya yi. Ya tuna sauran?"

Na ce ya tuna, suna nan a rubuce. Na ɗaga mata takardar, ta matso da fuska, ta ce wannan ai zanen tsuntsaye ne. Na bayyana mata ƙa'idar mahaifina, cewa ba zan iya rufewa ba sai na karanta wa mai waƙar. Ta gyara zama ta ce in karanta. Na karanta da bakina na Bazazzagi. A baiti na farko 'yarta ta toshe baki tana dariya. A na biyu ta daina. Tsohuwar ta tsayar da ni wuri biyu ta gyara kalma, na kankare na gyara. Da na kai ƙarshe na fassara mata abin da ke ƙasa: waƙar wance ce, 'yar wane mai fasa dutse, kalmominta da karinta duka, da shaidar yayanta.

"Haka take?" na tambaya.

Ta girgiza kai.

"A'a," ta ce. "Ba haka take ba."

Goggo ta dube ni. Na ajiye alƙalami.

"Ɗango na uku, inda murya ke hawa. Ni a kwance na yi shi. Yana tsaye a bayana yana cin burodi, ya ce ki ɗaga nan. Na ce ya tafi ya ba ni wuri. Da ya fita na gwada." Ta ja bargonta. "Wurin da kowa ya fi so ke nan. Shekara hamsin ina gaya wa mutanen coci ko ɗigo ɗaya ba nasa ba ne. Tunda ka ce aikinka gaskiya, ka sa sunansa. A ƙasa. Kada ka yi shi babba."

Goggo ba ta iya kewaye-kewaye ba. Ta matso da fuskarta kusa da wayar.

"'Yar'uwa, a wurinmu mamaci ba ya hutawa da haƙƙin wani a kansa. Ina so in ji da kunnena. Kin yafe masa?"

"Ya biya nasa tun ranar Lahadin nan," tsohuwar ta ce. "Nawa ne ya rage, ga shi na biya. Ba na bin sa komai."

Goggo ta sauke goshinta ƙasa a nan inda take zaune, ta daɗe ba ta ɗago ba.

Ya Allah, ga bawanka da ka ɗauko daga gindin dutse mai nisa ka kwantar da shi a jar ƙasar nan. Ka yalwata masa kabarinsa, ka jiyar da shi abin da kunne bai taɓa ji ba. Ita kuma tsohuwar, ka saka mata da alheri, ka kyautata ƙarshenta da namu.

Na tsoma alƙalami na ƙara layi ɗaya da ƙananan baƙaƙe, na karanta mata. Ta ce haka take. Na sa tammat.